Rabon Ruwan Laraba

Ranar Lahadi, bakwai ga Yuli, 2019, da ƙarfe biyar da kwata na yamma aka fara zaluntata. Na rubuta lokacin dalla-dalla don kada gobe wani ya ce tsufa ya ruɗa Ustaz Nazih. Shekara talatin da bakwai na yi ina koyar da lissafi da kimiyya a makarantar Kafar Dulba. Mafi yawan waɗanda za su tsaya karanta wannan takarda a ƙofar shagon gahawa, ni na koya musu duba agogo.

A ranar ne kwamitin ruwa ya zauna a dandali, aka karanta sabon jadawalin ban-ruwa. Fauzi ne ya karanta, wanda yanzu kowa ke ce wa Abu Rabi har da rusunawa. Ni na san shi tun yana zama a bayana a aji, yana leƙen littafina ta saman kafaɗa. Ya tafi Abidjan yana ɗan shekara goma sha tara, ya dawo bayan shekara arba'in da tumbi da agogon zinariya. Ya gina bene hawa uku a Unguwar Sama, daidai saitin inda nake hango teku daga saman ɗakina. Yanzu in na hau, jan rufinsa nake gani. A farfajiyarsa akwai zakuna biyu na dutse masu tofar da ruwa dare da rana, da shimfiɗaɗɗiyar ciyawa wadda ko akuya ba a bari ta ci.

Shi ya zuba siminti a magudana daga idon ruwa har tsohuwar gada, wannan ban musa ba. Amma ni na yi shekara goma sha ɗaya ina rubuta wa hukuma a kan wannan magudana. Wasiƙa sittin da uku, kwafinsu na nan a akwatina. Ku je bakin idon ruwa ku dubi allon marmara da aka kafa. Suna ɗaya ne a jiki, kuma ba nawa ba ne.

Tun kakanni, lambunmu Juma'a da safe yake shan ruwa. Tun kakanni kuma, daga kiran magariba zuwa kiran isha'i na ranar Laraba, babu mai taɓa magudana. Mai gadin ruwa yakan ɗage allunan dutsen da ake tare ruwa da su, ya bar shi ya gangara Lambun Maƙwabta, wancan kwarin da ke ƙasan kangon gidan niƙa, sannan ya tafi gida bai waiwaya ba. Lambun ba shi da mai shi a cikin mutane. Ba a shuka, ba a tsinka. Maƙwabta muke ce wa masu shi, ba ma kiransu da ɗaya sunan.

"Awa ɗaya da minti ashirin," in ji Fauzi, yana kaɗa takarda. "Kowace Laraba ruwa na zubewa a kango, ga mutane na kukan fari. Wallahi in aka ji wannan a Abidjan sai an yi mana dariya."

Abu Tanyus, tsohon mai gadin ruwa, wanda ya haura tamanin, ya ce a hankali, "Ba zubewa yake ba, Abu Rabi. Na masu shi ne."

"To su zo su nuna takardar gonarsu, baffa."

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Da aka tambayi wanda zai karɓi lokacin, kowa ya sunkuya yana duban kofin gahawarsa. Sai Fauzi ya juyo gare ni da murmushin nan nasa.

"Ga malaminmu nan. Ustaz, ba kai ka koya wa 'ya'yanmu cewa komai sai da hujja ba? Ka karɓi Laraba, ni in riƙe maka Juma'a. Har ribar minti ashirin ka samu."

Na ce, "Juma'a ta ubana ce, Fauzi. Ciyawarka ta sha daga bakin zakunanka."

"Haba, ɗan ajinmu. In tsoro kake ji faɗa mana, ba wanda zai faɗa wa ɗalibanka."

Rabin waɗanda ke zaune ɗalibaina ne. Sun kafe ni da ido. Na ce na karɓa. Fauzi ya ɗaga murya ya maimaita a gaban unguwannin garin biyu, ta Sama da ta Ƙasa, "Magaribar Laraba ta Ustaz Nazih ce daga yau." Kuskurena ke nan, na amince da shi. Amma wanda ya tura mutum rami da dariya shi ma da nasa laifin, kuma nasa ya fi.

Laraba, goma ga wata, na sa takalman roba, na ɗauki fartanya da tsumman toshe ruwa. Matata, Umm Ziyad, tana zaune a ƙofar kicin tana naɗe shinkafa a ganyen inabi. Ba ta ɗago ba.

"Abu Ziyad, tumatir nawa ne a lambun nan da za ka je ka tsokano abin da ya fi ƙarfinka?"

"Ba maganar tumatir ba ce."

"Na sani. Maganar Fauzi ce. Shekara sittin kana tsere da shi bai ma san ana yi ba."

"Ya sani sarai."

"To Allah ya kiyaye. Ka yi bismilla kafin ka taɓa dutse, malamin kimiyya."

Na fita bakwai da rabi. Na bi ta bayan gidan matsar man zaitun, wanda ke rufe sai kaka, na wuce maƙabarta, na gangara. Rana ta kusa taɓa teku. Awakin gidan Shahin na dawowa, ƙararrawarsu na kaɗawa a can sama. Wani gida ana soya albasa. Komai kamar kullum.

A kan tsohuwar gada na haɗu da Abu Tanyus yana hawowa da sandarsa. Ya riga ya ɗage allunan kamar yadda ya saba shekara hamsin, da jadawali ko babu. Ya kama hannun rigata.

"Ustaz, koma."

"An ba ni a gaban jama'a, baffa."

Ya dube ni, ya dubi kwarin. Ya rage murya har sai da na sunkuya.

"In aka yi maka magana, kada ka ce ba ka ji ba. Ba sa son ƙarya."

Ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, ya ci gaba da hawa. Bai waiwaya ba.

Ƙasan gada kaɗan magudana ta rabu biyu. Hagu ta nufi lambuna. Dama ta bi ta gefen kangon gidan niƙa ta faɗa Lambun Maƙwabta. Aikin ba shi da wuya: ka sa allon dutse a bakin dama, ka cusa tsumma da laka a gefensa, ruwa ya juya hagu. Na yi irinsa sau dubu.

Na tsaya da agogo a hannu. Bakwai da minti hamsin da ɗaya aka ɗaga kiran salla daga Unguwar Sama. Daga ƙetaren kwari ƙararrawar coci ta amsa. Na yi bismilla, gaskiya na yi. Na sa allon, na cusa tsumma, na danna da dunduniya. Ruwa ya juya hagu yana sheƙi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na hango kaina gobe a shagon gahawa ina gaya wa Fauzi.

Na bi ruwan taku kamar ashirin don in buɗe masa kunyar wake. Sai ya ƙafe a gabana.

Na koma. Allon na jingine a gefe, a tsaye, tsumman a ninke a kansa. Ninki huɗu, kamar yadda mace ke ninke tawul.

Na ce ƙarfin ruwa ne. Na san ruwa ba ya ninke tsumma, amma haka na ce. Na mayar da allon, na ƙara masa dutse biyu a baya. Na juya.

Ban kai taku biyar ba na ji ƙarar dutse a kan siminti. A hankali. Irin ajiyewar wanda ba ya son ya tashi mai barci.

A lokacin na lura kwaɗi sun yi shiru. Gyare ma ya daina. Sai ruwa kaɗai.

Wani ƙamshi ya taso. Na'a-na'a da aka taka, wannan na saba da shi a bakin ruwa. Amma akwai wani a ƙarƙashinsa. Garin alkama, mai ɗumi, sabon niƙa. Rabon da a niƙa ko mudu ɗaya a gidan nan tun ina aji uku. Ba shi da rufi. Itacen ɓaure ya fito ta tagarsa.

Daga ciki na ji dutsen niƙa yana juyawa.

Da na tafi a nan, da ban rubuta wannan takarda ba. Amma daga inda nake ana hango benen Fauzi a saman tudu, an kunna fitilunsa duka, har na ciyawa. Na dube shi. Na ɗauki allon karo na uku, na kafa, na ɗora ƙafata ta hagu a kai, na tsaya.

Ruwan ya taru a bayan allon. Bai juya hagu ba. Bai tsallake ba. Ya tsaya cak, yana hawa, ya wuce idon sawuna.

Sanyinsa ba na Yuli ba ne.

Wani abu ya riƙe allon ta ƙasa. Na ji yatsu a gefen takalmina. Dogaye.

Na ɗago kai. A kan katangar dutse da ta zagaye Lambun Maƙwabta akwai mutane a tsugune, a jere, kowa da tulu a gabansa. Ƙanana ne, kamar yara, amma zamansu na tsofaffi. Na fara ƙirga su, don abin da na iya ke nan. Goma sha ɗaya. Na sake. Goma sha tara. Na daina.

Ba su da fushi a fuska. Jira suke yi, kamar masu layi a bakin famfo.

"Ustaz."

Daga cikin ruwan muryar ta fito, ƙasa-ƙasa, kamar ta tsohuwa mai mura.

"Na'am," na ce.

"Lokacin wa ne wannan?"

Na laluba aljihu na ciro jadawalin. Na miƙa shi wajen ruwan kamar sakarai.

"An rubuta. Ga shi."

"Ba ma karanta takardarku. Da baki ake faɗa." Yatsun suka ƙara matsewa. "Wa ya ba ka?"

Na mayar da takardar aljihu.

"Ba kai ka ɗauka ba, mun sani. Ba ka aka yi. Wa ya ba ka?"

Ruwan ya kai gwiwata. Ya kwanta luf, ya yi haske, alhali duhu ya fara sauka. A cikinsa na ga benen. Na ga zakunan nan biyu bakinsu a bushe, ya tsage. Ciyawar ta zama toka. Tagogi a buɗe, iska na kaɗa labule, babu kowa. Na ga jan rufin ya rufta, teku ya fito a bayansa, shuɗi, kamar yadda nake ganinsa kafin ya dawo.

Na ga allon marmara na bakin idon ruwa. Sunana ne a jiki.

"Faɗi sunan kawai," in ji muryar. "Mu mun san hanyar gidan."

Ina rubuta gaskiya, don haka zan rubuta wannan ma. Na so. Ban taɓa son wani abu a rayuwata kamar yadda na so wannan ba. Haƙorana na sama sun riga sun sauka a kan leɓena don furta harafin farko na sunansa. Waɗanda ke kan katanga duk suka karkato gaba, tulunansu suka yi ƙara.

Abin da ya tsayar da ni ba tausayin Fauzi ba ne. Shekara talatin da bakwai, duk yaron da ya nuna ɗan'uwansa da yatsa don ya tsira daga bulala, shi nake fara zanewa. Kowa a garin nan ya sani. Wasunku har yau suna tunawa.

Na cije leɓen har na ji jini.

"Ni na karɓa," na ce. "Ku yi haƙuri. Rabonku ne."

"Ba abin da muka tambaya ke nan ba."

Dutsen niƙa ya tsaya.

Suka miƙe gaba ɗaya.

Na fizge ƙafata. Takalmin ya zauna a hannun abin. Na sunkuya na ture allon da hannu biyu, ruwan ya faɗa dama da ƙara kamar an saki garke. Na ruga.

Ban waiwaya ba. Amma ina jin taku a bayana, jiƙaƙƙu, a kan duwatsun gada. Taf. Taf. Ba gudu suke ba. Duk da haka tazararmu ba ta ƙaru ba.

A kan gadar na faɗi, haɓata ta bugi dutse. Wani numfashi mai warin laka ya sauka a ƙeyata.

"Za mu sake tambaya."

Na tashi da rarrafe. Sai da na kai bangon maƙabarta na ji kwaɗi sun dawo.

Umm Ziyad ta buɗe ƙofa ta gan ni da takalmi ɗaya, jini a gemu, wando a jiƙe har cinya. Ba ta ce ai na gaya maka ba, Allah ya saka mata. Ta zaunar da ni, ta kawo ruwan zafi. Ta sa hannu a ƙafata ta hagu, ta janye da sauri.

"Abu Ziyad, wannan ƙafar ta gawa ce."

Har yau ba ta yi ɗumi ba. Likita a birnin Saida ya duba, ya ce jini na gudana daidai.

Yau Alhamis, ɗaya ga Agusta. Lambuna bai sha ruwa ba tun Juma'ar biyar ga Yuli. Wake ya ƙone, tumatir ya bi shi. Rumman ɗin da mahaifina ya dasa shekarar da aka haife ni yana zubar da 'ya'ya tun ba su nuna ba. Kowace Juma'a da safe ina jin ruwan ubana yana wucewa ta bayan gidana, zuwa tankin da ke shayar da ciyawar da ba a ci. Shi kuwa Fauzi yana zaune a shagon gahawa yana ba da labari. An gaya mini kalmominsa daidai: "Kwaɗo ne ya yi wa Ustaz tari, ya bar masa takalmi tukuici." An gaya mini waɗanda suka yi dariya. Na san sunayensu, na san makin da kowannensu ya ci a aji shida.

Takalmin ya dawo. Laraba goma sha bakwai ga wata, bayan kiran magariba, na same shi a bakin ƙofar waje, cike da ruwa mai sanyi. Na jefa shi a kwari. Laraba ashirin da huɗu, yana tsakar gida, kusa da kurangar inabi, ƙofa kuwa a kulle. Na ƙona shi da hannuna. Jiya yana ƙarƙashin teburin da nake rubutu a kai yanzu. Kuma daga magariba zuwa isha'i, famfon kicin yana ɗiga. Umm Ziyad ɗiga kawai take ji. Ni tambayar nake ji, kalma huɗu, ba ta canzawa. Jiya sai da na cusa gefen mayafin tebur a bakina har aka kira isha'i.

Na je wurin Abu Tanyus na ce masa ai ruwansu na zuwa musu, babu mai tarewa, me kuma suke nema?

Ya ce, "A dandali aka ƙwace musu, da baki, mutane na ji. Su a wurinsu har yanzu a ƙwace yake. Sai wanda ya faɗa ya tsaya a wurin ya janye."

"In ya ƙi fa?"

"To za su ci gaba da tambayarka, Ustaz. Kai kuma mutum ne."

Wanda zai karanta wa wani wannan takarda da ƙarfi, ya karanta kowace rana ban da yammacin Laraba, don sunan da suke nema yana ciki.

Umm Ziyad ta ce kishi ne ke cina, ba aljanu ba. Ban ce babu kishi ba. Na ga abin da zuciyata ke so a cikin ruwan nan, kuma har yanzu in na hau saman ɗaki na ga jan rufin, ina tuna yadda teku ya fito a bayansa. Shi ya sa nake gaggawa. Laraba huɗu na riƙe bakina saboda mutumin da ke mini dariya. Yana kwana lafiya a benensa da arzikin shiruna, bai ma sani ba. Ban yi wa kowa alkawarin ta biyar ba.

Saboda haka ina neman abu uku, kuma ba roƙo nake ba. A mayar wa Maƙwabta magaribar Laraba. A mayar wa gidanmu safiyar Juma'a. Sannan ranar Lahadi mai zuwa, huɗu ga Agusta, bayan la'asar, Fauzi ya zo dandali da ƙafarsa, ba a mota ba, a tara Unguwar Sama da Unguwar Ƙasa, Abu Tanyus na zaune a gaba. Ya miƙe tsaye ya ce ya ba da abin da ba nasa ba. Ya juya wajen kwari ya ba su haƙuri. Sannan ya juyo gare ni, ya kira ni da cikakken sunana, ya ce, "Ustaz Nazih, na zalunce ka, ka yafe mini," da muryar da za a ji har tsohuwar gada.